Ƙodar Yaya

"Zan sake tambayarki, 'yata," in ji Likita, ta zare tabarau ta riƙe a hannu. "Cikin watannin nan kin shiga inda ake kiwon tsuntsaye? Kaji, agwagi, tantabaru, ko da aku ne a keji?"

Auta ta runtse ido. Dama hasken taga kaɗai ya isa ya sa ta runtse, don kanta ji take kamar ana buga masa guduma daga ciki. Amma wannan karon tambayar ta fi ciwon kan zafi.

Yaya yana tsaye a ƙarshen gado, hannu harɗe a ƙirji, takunkumi ya rufe masa hanci da baki, sai idanun nan jajur ake gani.

"Ban shiga ba," ta ce.

"Ina za ta shiga?" Yaya ya karɓe zancen. "Likita, ko kyanwar maƙwabta ba na bari ta ratsa mana tsakar gida. Auta ta san ciwon kanta. A duba wani wajen dai."

Likita ta daɗe tana kallon Auta. Ita dattijuwa ce, ta ga marasa lafiya iri-iri, ta ga ƙarya iri-iri. Ta mayar da tabarau, ta ce to, za a ci gaba da maganin da ake yi a ga abin da Allah zai yi. Ta fita.

Auta ta juya fuska bango, hawaye ya gangaro ya shige mata kunne. Tunda take ba ta taɓa yi wa Yaya ƙarya ba sai a kan wannan magana.

Ƙodar da ke cikin Auta ba tata ba ce, ta Yaya ce.

Nata biyun sun tashi daga aiki tana tsakiyar koyarwa a makarantar yara. Aka shiga jigilar wankin ƙoda, mako bayan mako, har ta koma kamar tsinke, fatarta ta yi toka-toka. Abbansu ya daɗe da rasuwa, Umma kuma hawan jini ya hana a ɗauki tata. Sai Yaya, mai walda, ƙaton mutum da ko allura ba ya so, ya rufe shagonsa ya je ya kwanta aka yanka shi. Da ya farfaɗo, kafin ya nemi ruwa sai da ya tambaya, "Ta kama aiki?"

Ranar sallama Likita ta zaunar da su duka ta yi musu bayani yadda ko yaro zai gane.

"Jikin mutum yana da masu gadi, su muke kira garkuwar jiki. Ba su san ɗan'uwa ba, ba su san alheri ba. Duk abin da ba a haife ki da shi ba, a wurinsu baƙo ne, sai sun ga bayansa. Magungunan nan aikinsu su sa masu gadin gyangyaɗi, safe da yamma, har iya rayuwa. In kika daina sha, za su farka su cinye ƙodar yayanki. In kina sha kuma, ƙofarki a buɗe take, cutar da ba ta isa ta kayar da kowa ba ke za ta kayar da ke."

Ta jero dokoki. Takunkumi cikin taro. Ruwa sai an tafasa. Ba cin abin da ya kwana, ba zama kusa da mai tari. Ta bar koyarwa, don yara ba sa rabuwa da mura. Kuma ta yi nesa da kashin tsuntsaye, musamman na tantabara.

To jama'a, duk mazan da Allah ya yi a duniya, zuciyar Auta ta rasa wanda za ta so sai Mai Tantabaru.

Ba a titi suka haɗu ba, ba a biki ba. A ɗakin wankin ƙoda ne. Shi yake goyo babansa ya kawo, ya kwantar da shi a gadon da ke kusa da nata. Tsofaffin ɗakin ne suka laƙaba masa sunan, don kullum sai an tsinci gashin tsuntsu a rigarsa ko a hularsa. Kiwo da sayar da tantabaru shi ne sana'ar gidansu, babansa ya yi, shi ma ya tashi a kai. Awanni ake yi a jikin injin nan, shi kuwa sai ya jawo kujera tsakanin gadajen biyu yana ba su labarin tsuntsayensa: wadda ta fi kowa kishi, wanda ya saci matar maƙwabci, wata farar da babansa ke kira Hajiya don ba ta cin hatsi sai an zuba mata daban. Auta, wadda ta manta yadda ake dariya, sai ga ta tana dariya har nas na tsawatarwa.

Babansa bai samu mai ba shi ƙoda ba. Shi ɗan ya miƙa tasa, aka gwada, jininsu bai zo ɗaya ba. Tsohon ya rasu yana jira. Bayan an yi makoki, sai ga Mai Tantabaru ya dawo ɗakin, ya jawo kujerarsa kusa da gadon Auta, ya ce ƙafarsa ce ta saba.

Ya so ta lokacin da ita kanta ba ta son kallon madubi. Wannan ne abin da ta kasa fahimtar da Yaya.

"Ban ce yaron banza ba ne," Yaya yakan ce. "Yana da kirki, yana da kunya. Amma gidansu daga ƙofa har rufi kashin tsuntsu ne. Shi kaɗai ne ɗa, uwarsa ta rantse ba ta barin ɗakin mijinta. Can zan kai ki? Da hannuna?"

Shi Yaya zaɓinsa Mai Kemis ne, abokinsa, wanda suke karɓar maganin Auta a shagonsa. Mutum ne tsaf-tsaf kamar an wanke shi an goge, ba ya hayaniya, ba ya wasa da lokaci. In ya zo hira, kafin ya zauna sai ya shafa maganin wanke hannu, gaisuwarsa ta farko kuma ita ce, "Kin sha na safe?"

"Yaya," Auta ta ce wata rana, "wannan bawan Allah ba mata yake nema ba, majinyaciya yake nema."

Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaya bai yi ba.

Abin da ya faru kuwa, wanda Auta ta ɓoye, ba shi da yawa. Inna, mahaifiyar Mai Tantabaru, ta zame a banɗaki ta gurɗe gwiwa. Auta ta ji ba za ta iya zama ba ta je dubiya ba. Ta ce wa Umma za ta sayo zare, don tun da ta bar makaranta ɗinki take yi a gida. Ta ɗaura takunkumi ta tafi, ta ce a ranta gaisuwa ce kawai daga bakin ƙofa.

Ta tarar ba ya nan, ya tafi sayo hatsi. Inna na zaune kan tabarma a inuwa, ƙafa a miƙe, tantabaru kuwa ko'ina, kan katanga, kan rufi, cikin tukwanen da aka jera musu a bango.

Inna ta kalle ta sama da ƙasa.

"Au, ke ce? To mu ga fuskar mana. Ko warin gidan namu ne ya kai haka?"

"A'a wallahi, Inna. Likita ce ta ce..."

"Likita ta ce in kin zo gaida uwar mutum ki toshe hanci? To Allah ya kyauta. Mu dai a cikin warin nan muka haifi wanda kike so."

Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Tsohuwa ce da ta daɗe tana jin ana cewa dangin yarinyar suna ƙyamar ɗanta, abin yana cin ranta. Auta ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa. Ta sa hannu ta zare takunkumin, ta cusa a jaka, ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila da sauƙi. Amma suna cikin hira sai Inna ta ce tun da ta faɗi ba a yi sharar kirki ba, ta jawo tsintsiya, ta dafa bango tana neman miƙewa da ƙafa ɗaya. Wace 'yar mutunci ce za ta zauna tana kallon uwar saurayinta na jan ƙafa da tsintsiya a hannu?

"Kawo, Inna. Zauna."

Ta share tsakar gidan tas, lungu da saƙo, har ƙarƙashin tukwane inda busasshen kashi ya yi tudu. Ƙura ta tashi fari fat, ta shaƙa, ta yi atishawa, ta ci gaba. Inna na ta sa mata albarka, Auta kuwa zuciyarta fal farin ciki, yau ta samu shiga.

A haka Mai Tantabaru ya shigo ya same ta. Buhun hatsin ya suɓuce daga kafaɗarsa ya fashe a ƙasa. Ya fizge tsintsiyar ya yi jifa da ita.

"Kina hauka ne? Ina takunkuminki?"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya kai ta bakin famfo ya sa ta wanke fuska da hanci. Ta yi ta ba shi haƙuri tana dariya, ta ce shara ce kawai, ta sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Makonni suka wuce lafiya ƙalau, har ta ce ta sha. Sai ciwon kai ya fara, kaɗan-kaɗan, ya ƙi jin magani. Sai wuya ya sage, sai amai, sai haske ya zama abokin gaba. Aka kwantar da ita a ɗaki ita kaɗai, aka hana 'yan dubiya shiga, aka yi ta maganin cututtukan da aka saba gani. Jiki kullum baya yake yi.

Ranar da Likita ta sake tambayar tsuntsayen nan, bayan fitarta da ɗan lokaci Yaya ya tafi leƙa shago, Umma ta fita wanke kwanuka. Ɗakin yana da taga mai raga da ke kallon baranda. Auta ta ji an ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali.

Mai Tantabaru ne. Ya sa takunkumi har biyu, ya tsaya nesa da ragar kamar mai tsoron numfashinsa ya taɓa ta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Auta. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ba sauƙi. Ido ma kin kasa buɗewa." Ya waiwaya ya duba baranda. "Na ji nas na cewa Likita tana ta tambayar tsuntsaye. Kin faɗa mata?"

Ta kawar da kai.

"Auta, kin faɗa mata?"

"Yaya yana tsaye. Ta yaya zan faɗa?"

"Innalillahi. To maganin me suke miki?"

"Za su gano da kansu. Ai likitoci ne."

"Su gano yaushe? Bayan an ɗauke ki a makara?" Ya girgiza kai. "Na zauna a asibitin nan na ga yadda ake mutuwa. Na ga babana. Ba zan sake tsayawa ina kallo ba."

Ta yunƙura ta tashi zaune, ɗakin ya juya da ita, ta riƙe ƙarfen gado.

"Ka saurare ni. In Yaya ya ji na shiga gidanku, na cire takunkumi, na yi shara, wallahi mun rabu ke nan har abada. Yanzu ma da ƙyar Umma take lallaɓa shi. Ka yi mini alkawari. Ka ce ba za ka faɗa ba."

"Na yi alkawari ina ganin kina da lafiya."

"Don girman Allah. Kai kaɗai ne ka taɓa kallona ba ka ga ciwo ba. Kowa in ya dube ni ƙoda yake gani, magani yake gani. Umma in ta taɓa goshina zazzaɓi take nema. Kai ne kawai kake ba ni labarin Hajiya. In ka tafi, me ya rage mini? In zauna ina haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma ina gadin ƙodar wani?"

"Ba ta wani ba ce. Ta yayanki ce."

"Na sani! Kana ganin akwai ranar da nake mantawa?"

Kuka ya ci ƙarfinta, kukan kuma yana ƙara sara mata kai. Shi ma hawaye ya jiƙa masa takunkumi har ya manne a fuska. Ya ɗaga hannu kamar zai dafa ragar, ya tuna, ya mayar da shi aljihu.

"Gara ki rayu kina jin haushina," ya ce, "da in riƙe alkawari in raka ki kabari. Ki yafe mini."

"Kar ka tafi! Ka dawo nan!"

Ya riga ya juya.

Allah da ikonsa, a bakin ofishin Likita ya ci karo da Yaya yana dawowa. Auta ba ta gan su ba, amma ofishin yana jikin ɗakinta, kuma Yaya ba a san shi da ƙaramar murya ba. Ta ji Mai Tantabaru yana magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana yi.  Sai ta ji wani abu ya bugi bango, nas-nas suna salati, Likita tana cewa, "Sake shi! Nan asibiti ne, sake masa wuya!"

Aka banko ƙofa. Yaya ne, ko a wannan hali sai da ya tsaya ya gyara takunkumi ya wanke hannu kafin ya matso, don abin ya zame masa jiki.

"Gaskiya ne?"

Ta sunkuyar da ido.

"Shara, Auta? Kashin tantabara?" Ya yaye rigarsa sama. Tabon yana nan a gefen cikinsa, dogo, ya yi duhu. "Kalli nan. Kalla mana! Wata nawa na yi ba na iya ɗaga ƙarfe? Matata na da tsohon ciki na sa hannu a takarda cewa in na mutu na mutu. Ban taɓa goranta miki ba, ko sau ɗaya. Ban ce ki biya ni ba. Abu ɗaya na roƙe ki, ki riƙe mini ita da kyau. Shi ne kika ɗauke ta kika kai ta ki share gidan surukai?"

"Yaya, ka yi haƙuri, kunya na ji..."

"Kunya! Kin ji kunyar tsohuwar da kika gani sau ɗaya, ni ba ki ji tawa ba? Kika kalli idona kika ce ba ki shiga ba?"

Umma ta shigo da gudu, kwanuka a hannu, tana "Ya isa, Babban Yaya, ya isa, ka dubi halin da take ciki." Ya saki rigar. Ya tsaya yana huci, sai kuma ya juya ya fita, bai ƙara kallon gadon ba.

A ranar aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayanta aka kai gwaji. Sakamako ya nuna abin da Likita take zargi tun farko: wata ƙwayar cuta ce mai kama da funfuna, tana zama a busasshen kashin tsuntsu, ta bi numfashi ta shiga, ta haura har rufin ƙwaƙwalwa.

"Masu wannan kiwo suna shaƙarta shekara da shekaru ba abin da ke samunsu," in ji Likita. "Masu gadinsu a farke suke. Ke naki mu muka sa su barci da hannunmu."

"Akwai magani?" Umma ta tambaya.

"Akwai, kuma da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar muke ba. Yaron nan ya kyauta. Amma ba zan ɓoye muku ba. Maganin yana da ƙarfi, yana wahalar da ƙoda. Sannan dole mu rage mata magungunan dashen ƙodar kaɗan, masu gadin su ɗan farka su taya mu yaƙi. In sun farka da yawa kuma, kun san wa za su fara kai wa hari."

Kowa ya sani. Ƙodar Yaya ce.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta son tuna su. Ƙarin ruwa mai launin rawaya yana shiga jijiya, jiki ya ɗauki karkarwa har gado na ƙara. Kowace safiya a ɗebi jini, kowace yamma Likita ta duba takarda ta yi shiru. Ciwon kan ya fara sauka, amma fitsari ya ragu, ƙafafu suka fara tasawa. Mai Kemis ya zo har baranda da kwalin magani, ya gaishe ta ta taga cikin ladabi, bai ce komai a kan abin da ya faru ba. Wannan kirkin nasa ma ciwo ya yi mata.

Yaya kullum yana zuwa. Ya kawo abinci, ya yi magana da Umma, ya zauna a baranda. Ita dai ba ya ce mata uffan.

Wata rana da hantsi tana kwance ido rufe, Umma ta je gida yin wanka, sai ta ji muryarsa a bakin taga. Shi da Likita ne. Ya yi ƙasa da murya iyakar iyawarsa, yana zaton barci take.

"Likita, tsakaninki da Allah, za ta tsira? Ƙodar nake nufi."

"Muna ƙoƙari. Ta ji jiki, amma ba ta mutu ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba."



"To in ta tashi daga aiki," Yaya ya ce, "ɗayar fa?"

"Wace ɗayar?"

"Tawa. Wadda ta rage. Ni ƙato ne, zan iya jure wankin nan, na ga yadda ake yi. Ita ba za ta iya komawa ba, Likita, kin ga yadda ta zama a wancan karon. A ba ta, ni a sa ni a injin."

"Bawan Allah, ba a yin haka. Babu likitan da zai yi maka haka a duniya."

"Ko na sa hannu?"

"Ko ka sa hannu goma. Kana da mata, kana da jariri."

"Ita ma ni na goya ta," ya ce.  Auta ta ji ƙaton mutumin nan, wanda ko a jana'izar Abba bai yi kuka a gaban mutane ba, yana shessheƙa a baranda kamar yaro.

Ta cusa bakin zani a baki don kar su ji nata.

Da la'asar sai ga Mai Tantabaru a taga. Da ƙyar ta gane shi. Ya aske kansa tal, ya sa sababbin kaya, wuyansa har yanzu da shatin yatsun Yaya.

"Kina fushi da ni?"

"Na yi. Ya wuce. Likita ta ce kai ka cece ni."

Ya sunkuyar da kai.

"Na sayar da su, Auta. Duka, har Hajiya. Wani mai kiwo daga can bayan gari ya kwashe. Na farfasa tukwanen, na kankare bango, na wanke tsakar gida da magani. Inna ta yi kuka ta ce na sayar da babana. Da ta ji abin da sharar nan ta jawo kuma, ta daina cin abinci, kullum tana cewa ita ta kashe 'yar mutane. Na ce zan koyi wata sana'a, ko dako ne. Na ce zan zo in durƙusa wa Yaya."

 Allah sarki, har ta fara hango hanya.

Amma bai ɗago kai ba.

"Sai me?" ta ce.

"Sun dawo."

"Su wa?"

"Tantabarun. Mutumin ya rufe su kwanaki, ranar da ya buɗe suka tashi. Na fito da safe na gan su jere a kan katanga, daidai inda tukwanen suke a da. Na kama su na mayar masa, suka sake dawowa. Na kore su da sanda, su yi sama su zagayo su sauka. A gidan aka ƙyanƙyashe su, ba su san wani wuri ba." Ya goge ido da bayan hannu. "Amma na yanke shawara. Gobe zan yanka su gaba ɗaya. Na wasa wuƙa."

Auta ta dube shi. Ta tuna tsohon nan a gadon kusa da nata, allura a hannu, yana tambayar ɗansa ko an zuba wa Hajiya nata daban. Ta tuna Inna da ba za ta taɓa barin ɗakin mijinta ba, da bangon da tsuntsaye suka shekara suna kwana a kai. Ta tuna muryar Yaya ɗazu. Ta kai hannu ta dafa gefen mararta, inda ƙodar take kwance tana fama.

"Kar ka yanka su."

"Auta..."

"Ko ka yanka, na maƙwabta za su sauka, gidan sun sani. Kuma ko babu tsuntsu ko ɗaya, ni na san kaina. Gobe Inna za ta yi tari, in ji kunyar sa takunkumi. Jibi wani abin. Ina son ka har na manta jikin nan ba nawa ba ne ni kaɗai." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Ɗazu Yaya ya roƙi Likita ta cire masa ɗayar ta ba ni. Ɗayar da ta rage masa. Ka ji? Ba ni da abin da zan biya shi, sai dai in daina wasa da wadda ya riga ya bayar."

"To ni fa? In yi yaya?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni ma ban san yadda zan yi ba."

"Mai Kemis za ki aura?"

"Ba wanda zan aura. Ka bar ni in ga ko ƙodar za ta rayu tukuna. Amma kar ka jira ni, kar ka ƙara zuwa tagar nan. In na ganka ba zan iya ba."

Ya daɗe a tsaye. Ya ɗaga hannu, wannan karon ya dafa ragar da tafinsa gaba ɗaya. Ta kalli hannun, ta san ba ta isa ta taɓa shi ba, ta riƙe nata a cikin zani.

"Ka gaida Inna, ka ce ta ci abinci, ba laifinta ba ne," ta ce. "Ka je gida ka zuba musu hatsi. Daga nesa suka taso, yunwa suke ji. Hajiya a zuba mata nata daban."

 Ya janye hannun, ya tafi yana haɗa hanya.

Ba a jima ba aka turo ƙofa. Yaya ne, da kofin ruwa a hannu ɗaya, ƙwayoyin yamma a ɗaya. Daga idonsa ta gane yana baranda tun ɗazu, ya ji komai. Ya zauna a bakin gado, abin da bai yi ba tun ranar da ya yaye riga.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Yaya."

Ta zaci zai ce ta kyauta. Bai ce ba. Ya kalli tagar, ya daɗe yana kallo.

"Yaron kirki ne," ya ce a hankali. "Wallahi yaron kirki ne, Auta."

Ya tallafo kanta kamar yadda yake yi tana ƙarama, ya sa mata ƙwayoyin a baki. Ya kafa mata kofin, ruwan na zuba a wuyanta. Ta haɗiye su duka.